Sule Goman Arzika

Kwanan baya jikata mai aikin asibiti ta nuna mini takardar albashinta, tana ƙorafi a kan abin da aka yanke mata na haraji. Na ce mata ai ni ma wannan aikin na yi, shekara goma sha ɗaya ina yanke wa maza haraji daga albashinsu. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, wannan ma aiki ne? A raba kuɗin gida goma sha biyu, shi ke nan." Sauri take, ta wuce abinta. Amma tun da Allah ya sa na iya riƙe fensir, bari in rubuta yadda abin yake, domin ita da ire-irenta.

A Kalgo na fara, shekaru kaɗan kafin a sami mulkin kai. Maigidana, Malam, heluma ne, wato shugaban leburorin hanya. Mutum ashirin da 'yan kai ne a ƙarƙashinsa, suna cike ramuka, suna zuba marmara, suna share hanyoyin ruwa. Lebura yana samun fataka a yini, sule biyu ke nan, kuma ƙarshen wata malamin biya yake zuwa da akwatinsa ya sallame su. Haraji kuwa sau ɗaya ne a shekara, bayan kaka, kuma dunƙule ake son sa. Manomi ya fitar da dami ko buhun shinkafa ya sayar ya biya. Lebura ba shi da rumbu. Kuɗinsa sun bi ta tukunya tun kafin wata ya raba, sai ka ga magidanci da girmansa ya ɗauki rigarsa ta Juma'a ya nufi kasuwa don mai unguwa yana ƙofar gida. Na ji an ce manyan ma'aikata tun daga ofis ake cire musu, amma leburori ba wanda ya kula da nasu.

Mahaifiyar Malam, Inna, ita ta fara kula. Tana sayar musu da tuwon rana a bakin aiki, ta ga abin da ke faruwa kowace shekara, sai ta ce duk mai so ya riƙa ba ta wani abu ranar biya ta riƙe masa. In haraji ya zo ta fitar ta ba shi, in akwai rara ta mayar masa. Ladanta taro ne, wato kwabo uku, a kan kowane mutum a ƙarshen shekara, sai kuma cinikin tuwo da ba ya barin gidanmu. Mutane suka sa wa abin suna riƙon haraji.

Aikin da ta fara ba ni shi ne ɗinkin jakunkuna. Kowane mutum da tasa, ta farin saƙi, girmanta kamar tafin hannu, da zare a baki. Inna ba ta karatu, don haka kowace jaka da alamarta: wannan wuri aka ɗinka mata, waccan jan dutsen wuya, wata ƙashin kifi, wata gashin zabo. A jikin zaren kuma take ƙulla lissafi, babban ƙulli sule, ƙarami sisi, wato rabin sule. Wata uku ina ɗinki da haddace alamu, ban taɓa kwabon kowa ba. Jakunkunan a cikin tukunyar ƙasa suke kwana, tukunyar kuma a binne ƙarƙashin gadon Inna, an rufe bakinta da faifai an shafe da laka. Ba ma karɓar takardar kuɗi. Wani ya taɓa kawo mata takardar sule goma, gara ta shiga ta yi mata ado kamar ganyen da fara ta ci, Inna ta biya daga kuɗin tuwonta, daga ranar ta ce ƙarfe kaɗai. Kowane sule sai an buga shi a kan dutsen niƙa an ji ƙararsa. Mai kyau yana yin tsiwa, na jabu kuwa sai ya faɗi tim, kamar an ya da ɗanyen goro. Kwabbai masu huji a tsakiya muna shirya su a zare, goma sha biyu-goma sha biyu.

Da ta fara bari in ƙirga, sai ta riƙa jefa sisi a jakar wani ba tare da ta ƙulla ba, ta zauna tana kaɗi tana kallona ta wutsiyar ido. In na ce, "Inna, wagga ta fi ƙullinta da sisi," sai ta ce, "To, mayar mini da abina." Ranar da na yi saurin cewa daidai ne, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi in zazzage duka jakunkunan ashirin in sake daga farko, ga tuwo a wuta.

A shekara ta biyu aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a wani gida a unguwarmu. Malam ya bar ni ina zuwa bayan azahar. Na koyi baƙaƙe da lambobi, na koyi tarawa da ɗebewa da rabawa, aka ba ni takardar shaida. Na sayi littafi mai layi da fensir, na ba kowane mutum shafinsa. Inna ba ta hana ba, amma ba ta daina ƙullinta ba. Ta ce zare ba ya gogewa.

Mutum na farko da ta bar mini in yanke masa da kaina shi ne Nomau, mutumin Diggi, dogo mai yawan barkwanci. Harajin shekarar da ta wuce fam guda ne da sule huɗu, sule ashirin da huɗu ke nan. Na zauna da fensirina na raba gida goma sha biyu, ya ba ni sule biyu cif. Na ce masa fataka duk wata. Ya ce madalla. Inna na gefe tana kaɗinta.

Da aka yi shelar haraji na zazzage jakarsa a gabansa, sai na ga sule goma sha shida. Na sake ƙirgawa, na duba littafi, goma sha shida ne. Nomau kuwa ga shi tsugune a zaure yana jira. Sai a lokacin na tuna, tun da ruwan farko ya sauka ya ɗauki kalmensa ya koma Diggi noma, wata huɗu ba ya layin biya. Sau takwas kaɗai ya karɓi albashi a shekarar. Ina nan riƙe da kuɗin, sai Inna ta kwance wani tsumma daga bakin zanenta ta ajiye a gabana. Sule takwas ne. Ashe duk ranar biya, in ya tashi daga wurina, sai ya zagaya ya ba ta sule guda, su biyu suka ƙulla.

Nomau ya ce, "Amarya, ashe boko bai san damana ba?"

Inna ta ce, "Bar ta, ta sani yanzu. Kai da ka san damana, mi ka noma ban da ƙaiƙayi?"

Ya ce, "Inna, ƙaiƙayin ma sai da na roƙi Allah."

To daga nan na fara koyon sana'ar da gaske. Ba a raba haraji da watannin shekara, ana raba shi da yawan biyan da mutum zai tsaya a layi. Kuma ba a yanka daidai wa daida kowane wata. Bayan kaka, lokacin da hatsi ke da arha, nan ake yanka da nauyi, sule uku ko huɗu, mutum ba zai ji ba. In bazara ta yi a sassauta. A shekarun nan azumi da zafi yake zuwa, babbar salla kuma a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, don haka watannin nan sisi ma ya isa, wani ma a bar shi ya tafi da albashinsa cikakke. Sai an fara cin sabon gero a sake ɗagawa a cike gurbin. In matar mutum na da ciki, ki san akwai suna a gaba, ki riga shi. In mai yawan ciwo ne, ki san zai rasa kwanaki. Sannan ba wanda ya san nawa za a yi shela sai an yi, yakan ƙaru da sisi ko sule, saboda haka ana ɗora ɗan abu a kai don kada a gaza. Wannan ɗan abin shi ne rarar da ake mayarwa. Inna takan ce in rara ta wuce sule biyu, to mai riƙo ta zalunci tukunyar wani, in kuma aka gaza ko da kwabo ne, ta kunyata shi a gaban mai unguwa.

Maza kuwa iri biyu ne. Akwai mai cewa, "Yanki kaɗan, Allah na nan," sai an yi ta lallashinsa. Akwai kuma mai son a yanka da yawa, don ranar mayar da rara ya ji kuɗi sun cika masa hannu, ya fita yana murmushi kamar kyauta aka yi masa, alhali guminsa ne. Na farkon shi ya fi hayaniya, amma na biyun ne ya kusa sa ni kuka da sana'ar.

Dokokin Inna uku ne, kuma ban taɓa karya su ba. Ba a cire kuɗin mutum daga jakarsa sai a gabansa. Abin da ke ciki ba a faɗa wa kowa, ko uwarsa, ko matarsa. In kuma ya ce a ba shi abinsa, ko ana gobe haraji ne, a ba shi.

Bayan shekara huɗu aka mayar da Malam Gwandu da sabon ayari. Inna ta ce ƙafarta ba ta kai can, ta zauna Kalgo wurin ƙanen Malam, ta ba ni tukunyar ta ce in tafi da ita. Na ci gaba da riƙon da kuma cinikin tuwon a can. A Gwandu ba wanda ya san ni da amarya, Uwargida suke ce mini. Ranar biya nakan shimfiɗa tabarma a cikin zaure bayan asabari, Malam ya zauna a dakalin waje, su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ji na wani.

A nan na san Arzika. Mutumin Malisa ne, gajere, mai ƙarfi, ba ya da yawan magana. Ba shi da gonar kirki, don haka wata goma sha biyu yake aiki, in an tashi kuma ya shiga daji ya yo itace a ka ya sayar. Matarsa Hajo da 'ya'yansu uku suna nan cikin gari, a ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwansa. Shekararsa ta farko na yanke masa kamar kowa, ya biya harajinsa, na mayar masa da sule guda. A biyan farko na shekara ta biyu sai ya jera sule goma a kan tabarma.

Na ce, "Arzika, ai sule uku ne."

Ya ce, "Goma nika so, Uwargida. Duk wata."

Na ce, "Harajin mutum biyar za ka biya?"

Ya ce, "Jaki nika so. In shekara ta kewayo, ki fid da na hakimi, ragowar ya isa jaki da mangala. In kuɗin suka shiga gida, ba su fitowa."

Na buga lissafi, na ga gaskiyarsa ta wannan fuskar: fam shida a shekara, a cire haraji, saura ya sayi jaki mai kyau. Hatsi kuma a lokacin bai yi tsada ba tukuna, sule guda na sayen mudu huɗu na gero. Na karɓa. Ga kuskurena nan, kuma ba na ɗora wa kowa. Na san a daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, na ga damman da aka shigo da su ba nauyi. Ya kamata in san inda farashi zai nufa. Amma mutum ya zo da kansa yana son tattali, ga jakarsa tana ƙiba tana daɗin ɗauka, sai na ga ai abin yabo ne.

Shekarar nan ita ce mafi wuya a duk aikina. Kafin azumi mudu ya fara hawa. Bayan ƙaramar salla sule ba ya sayen mudu biyu, da ruwa ya sauka kuwa da ƙyar ya sayi guda da rabi. Na rage girman malmalar tuwona, na koma haɗawa da dawa. Na bi shafi-shafi na sassauta wa kowa, wasu na mayar da su sisi, wasu na ce su tafi sai kaka. Arzika na tambaye shi sau ɗaya, ya ce a bar shi yadda yake, na bari. Ya daina cin tuwon rana, in yarinyar da ke mini talla ta kai bakin aiki sai ya ce ya ci a gida. Wannan ma na gani, na wuce.

Wata safiya, saura kwana biyar biya, wata mata ta yi sallama da goyo. Ta ce ita ce Hajo matar Arzika, ko ina da daka ko surfe ta yi mini, ba sai na ba ta kuɗi ba, dusa da tsaki sun isa. Na ba ta turmi. Ta sauke yaron ta zaunar da shi a inuwa. Ya kai shekara biyu amma ba ya ko rarrafe zuwa wurin kaji, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, hannunsa kamar sillen kara. Na dama masa kunu, ya riƙe ludayin da hannu biyu.

Tana cikin surfe sai ta tsaya ta ce, "Uwargida, ke da kika yi karatu, in tambaye ki mana. Wai gaskiya haraji ya koma sule goma duk wata? Shi ya ce hukuma ka yanke mishi tun wurin biya. Na ce wagga hukuma ba ta san ana yunwa ba?"

Fam uku da sule goma na mijinta suna binne taku biyar daga inda take tsaye. Ba ni da ikon faɗa mata, ba ni kuma iya yi mata ƙarya. Na ce, "Ban ji an yi shelar na bana ba tukuna, Hajo. Ki riƙa zuwa daka kullum, ki taho da ɗiyan duka." Na auna mata mudu guda.

Da Malam ya dawo na faɗa masa abin da zan iya faɗa. Ya ce, "Kuɗinsa ne, gidansa ne. Ina ruwanki da shiga tsakanin mutum da iyalinsa?" Na ce gaskiya ne, abin da ke fita daga jakar ba ni da iko da shi, amma abin da ke shiga, hannuna ke sa shi. Sai ya ce in bi a hankali, Arzika ba ya son a taɓa masa girma.

Ranar biya na roƙi Malam ya bar shi ya shigo a ƙarshe. Kafin nan na auna gero a ƙwarya biyu na rufe da faifai, na ajiye gefen tabarma. Ya shigo ya tsuguna, ya jera sule goma. Na sa yatsa na tura masa su.

Ya ce, "Mi ya faru? Sun ƙi ƙara?"

Na ce, "Kuɗinka lafiyarsu lau. Jakarka ce ta cika."

Ya ce, "To ki ɗinka wata."

Na ce, "Arzika, ni haraji nake riƙo. Naka ya cika tun biya na uku. Daga yau har kaka ba na karɓar ko anini daga hannunka."

Ya ɗago ya dubi asabarin. Ya ce, "Wa ya zo gidan ga?"

Na ce, "Maganar jaka ba ta taɓa fita daga bakina ba, ka sani. Amma ina da ido. Wata biyu ba ka ci tuwona ba, ga igiyar wandonka ta zagaya ka sau biyu." Na buɗe ƙwaryar farko na tura ta ƙarƙashin asabari. "Wannan mudu huɗu ne, abin da sulenka ke saye ranar da ka fara kawo goma." Na tura ta biyu. "Wannan kuma na yau. Kuɗin da ke kwance a tukunyata ba haihuwa suke ba, ramewa suke, kamar yadda masu su ke ramewa. Laifina ne da na karɓa tun farko, ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya cire hularsa ya sunkuyo da kai, ya nuna mini tsakiyarsa inda gashi ya ƙare. Ya ce, "Kin ga wanga? Ba tsufa ba ne, gammo ne. Ubana da kaya a kai ya mutu. Jaki guda nika so, Uwargida, ɗiyana su tashi su iske wani abu da za a ce namu ne. Saura wata biyar. In na saki yanzu, ba ni ƙara tara su har in mutu."

Na ce, "Allah ya ba ka. Amma ƙaramin naka, ban sani ba ko yana da wata biyar."

Ban ɗaga murya ba, amma na san maganar ta yi nauyi. Ya mayar da hularsa. Ya ce, "Ba ni jakata. Duka."

Na kira Malam ya shigo ya shaida. Na zazzage, na ƙirga a gabansu, na raba kashi biyu. Na ce, "Wannan sule ashirin da shida, na haraji ne har da ɗan abin da ake ɗorawa. Wannan fam biyu da sule huɗu, rararka ce. Duka naka ne." Ya haɗe su wuri guda da sule goman, ya ƙulle a bakin rigarsa, ya fita ko sallama babu. Na ja layi a ƙarƙashin shafinsa.

Jibin ranar kasuwa ce. Da hantsi wata maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta, take ba ni labari wai bisashe sun faɗi warwas, kowa na fitar da nasa don ya sayi hatsi, jakin fam huɗu yau ana ba da shi fam biyu da rabi. Na ce a raina shi ke nan. Kuɗin da ke bakin rigarsa sun sayi jaki da mangala har da canji. Na hana a ƙara wa jaka, ga shi na jawo an kwashe har na haraji, yaron kuma yana nan yadda yake. Hajo na tsakar gidana tana daka, ba ta san komai ba. Na sa gishiri a miya sau biyu a ranar.

Bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Na leƙa ta asabari, sai ga Arzika tsaye da buhun gero a ka, a kan gammo, gumi na bin wuyansa. Ya jingina buhun da bango ya tsuguna yana haki.

Ya ce, "Uwargida, ga jakin ya iso da kaya. A ba shi ruwa."

Na miƙa masa moɗa. Ya shanye, ya goge baki, sannan ya kwance bakin rigarsa ya ƙirga sule ashirin da shida ya turo.

Ya ce, "Na gan shi fa. Fari, mai baƙin layi a gadon baya. Na buɗe bakinsa, haƙora lafiya. Na ɗaga kofato. Mun yi ciniki har ya sallama. Ina kwance kuɗi sai na ce, 'Malam, mi ya sa kake rabuwa da wanga?' Ya ce gero za shi saya, ɗiyansa kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Na ce to, in mai jaki shina sayar da jaki don ya sayi gero, ni mi nika yi nan?"

Na ce, "Sai ka bar shi?"

Ya ce, "Tare muka tafi layin 'yan hatsi, shi da jakinsa, ni da gammona. Wani Bafillace ya saye jakin a can."

Na buga sulallan a dutse ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba, na mayar a jakarsa, na goge layin da na ja. Ya ɗaga murya ya ce, "Hajo na ciki? Ce mata ta bar dakan mutane ta taho ta yi nata."

Bayan kwana uku ta zo, ba don aiki ba, ta kawo mini ɗan daddawa. Ta zauna a bakin murhu ta ce, "Ya faɗa mini duka. Ashe jaki muka yi wata bakwai muna ciyarwa, ko kukansa ba mu taɓa ji ba." Muka yi dariya har ta share ido da bakin zane. Buhun nan da cikakken albashinsa suka kai su sabon gero. Yaron ya daɗe kafin ya murmure, amma kafin a gama girbi na gan shi yana bin kajina da kara.

Da aka yi shela, fam guda da sule biyar ne. Arzika ya kai wa mai unguwa nasa tun ranar farko, ya karɓo takardarsa. Na mayar masa da sule guda, ya cire taro ya ba ni ladana, ya juya ragowar kwabo taran a tafin hannu ya ce, "Wata bakwai na wahala, nai ya rage." Na ce ai sauran ya riga ya ci, da shi da iyalinsa. Ya ce haka ne, kuma da daɗi.

A biyan da ya biyo baya, wanda ake fara yankan sabuwar shekara, na buɗe littafi na ce, "To, bana nawa?"

Ya ce, "Na tambayo Hajo, ita ta san abin da tukunya ka ci. Ta ce huɗu-huɗu har sanyi ya wuce, wata huɗu ke nan. Biyu-biyu wata biyu na bazara. In ruwa ya sauka, kada ki taɓa mata ko anini sai an ci sabon gero, sannan a koma huɗu-huɗu wata biyu."

Na tara a gefen shafi, ya ba ni sule ashirin da takwas. In an ƙara haraji da sule, ya isa, kuma rarar ba ta wuce ƙa'idar Inna ba. Ni da takardar shaidata ba zan tsara abin da ya fi haka ba.

Na ce, "Jakin fa?"

Ya ce, "Ta ce kuɗin itace na jaki ne, ita za ta riƙe, albashi kuwa na tuwo. Ta ce jaki ya jira, kasuwa ba ta ƙarewa."

Na rubuta sunansa a saman sabon shafi, na rubuta na Hajo a ƙarƙashinsa. Shekara biyu jakin ya jira kafin ya shigo gidan, kuma ba wanda ya sake kwana da yunwa dominsa.